Zomon Inaba da Ɗakin Bautarsa

Idan mota ta bar birnin Tottori ta nufi yamma a kan babbar hanya mai lamba 9, tana bin gaɓar Tekun Japan, kafin a yi rabin awa za a iso wani wuri da ake kira Hakuto. A hannun dama teku ne da shimfiɗaɗɗen rairayi, da wani ɗan tsibirin dutse da ke tsaye cikin ruwa ba nisa da gaɓa. A hannun hagu akwai zangon matafiya, inda ake shan shayi ana sayen tsaraba. Bayan zangon wata matakala ta haura tudu, ta bi ta ƙarƙashin wata ƙofa da ba ta da ƙyaure ba ta da katanga, ginshiƙai biyu kawai da gicciye a sama. Irin wannan ƙofa sunanta torii, kuma duk inda ka gan ta a Japan, alama ce cewa daga nan an shiga harabar wani abin bauta.

Abin bautar da ke kan wannan tudu zomo ne. Kalmar Hakuto ma farin zomo take nufi. A gefen matakalar an jera gumakan zomaye na dutse a kan gajerun ginshiƙai, wani a tsugune, wani ya ɗaga kunne, wani kamar zai zabura, kuma a gindin kowanne an tara fararen tsakuwa har suna zubowa ƙasa. Za mu dawo kan tsakuwar nan.

Addinin gargajiya na mutanen Japan shi ake kira Shinto. Ba shi da annabi, ba shi da littafin da aka ce saukakke ne, ba shi da wa'azin mako. Abin da yake da shi su ne kami, kalmar da ke ba masu fassara wahala. Rana kami ce, wani dutse ko tsohon icce na iya zama mazaunin kami, haka nan jarumin da ya mutu, haka nan iska mai kawo ruwa. Wanda ya san labarin Tsumburbura a Dala da yadda Barbushe ke hawa ya sauko da saƙo, ko ya ji yadda Maguzawa ke ba iskokin wata kuka haƙƙinsu, ya fi kusa da gane kami a kan wanda ya fassara ta da allah kai tsaye. Ɗakunan bautar Shinto a Japan sun kai kimanin 80,000. Duniya ta san manyan, irin su Ise da Izumo da Meiji na birnin Tokyo. Hakuto ba ya cikinsu. A tsarin darajoji da gwamnati ta yi amfani da shi har zuwa 1946, matsayinsa na ƙauye ne, kuma yana cikin jihar Tottori, wadda ta fi kowace jiha a Japan ƙarancin jama'a, mutum dubu 550 da 'yan kai a ƙidayar 2020. Amma labarin da ke ƙarƙashinsa yana cikin littafi mafi tsufa da ya rage wa ƙasar.

Littafin shi ne Kojiki. Wani bafade mai suna O no Yasumaro ya rubuta shi daga bakin wani mahaddaci, Hieda no Are, ya miƙa wa sarauniya Genmei a shekarar 712, wato shekara guda bayan Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara da rundunarsa zuwa Andalus. Aikin da aka sa shi shi ne ya tsara asalin gidan sarauta tun daga abubuwan bauta na sama. A tsakiyar wannan babban aiki sai ga tatsuniyar zomo.

Ga yadda take. Akwai wani matashi, Onamuji, wanda daga baya ya shahara da sunan Okuninushi. Yana da 'yan uba tamanin, kodayake a tsohon harshen Japan tamanin na nufin masu yawa ne kawai, kamar yadda mu ma kan ce dubu ba tare da mun ƙirga ba. Dukansu suka ji labarin wata kyakkyawa mai suna Yagami-hime a ƙasar Inaba, wato yankin da Hakuto yake ciki, kowa ya ce shi zai aura. Suka ɗunguma zuwa neman aure, suka ɗora wa Onamuji buhun kayansu, ya zama ɗan dako yana binsu a baya.

Da suka iso wani ƙoƙon ƙasa da ya kutsa cikin teku, mai suna Keta, sai suka tarar da zomo kwance, an saɓule masa gashi tas, jiki ja wur. Suka ce masa, idan kana son sauƙi, shiga teku ka yi wanka, sannan ka hau tudu ka kwanta iska ta busa ka. Zomo ya yi yadda aka ce. Gishiri ya bushe a jikinsa, fata ta tsattsage, azaba ta ninku. Yana cikin kuka sai ga mai buhu ya iso, ya tsaya ya tambaye shi abin da ya faru.

A nan ne labarin ya burge ni, domin zomo bai ɓoye laifinsa ba. Ya ce a tsibirin Oki yake, yana son ƙetarowa, babu jirgi. Sai ya kira wasu dabbobin ruwa da Japanawa ke ce wa "wani", ya ce su zo a gwada, tsakanin danginsa da nasu wa ya fi yawa. Ya ce su jeru daga tsibirin har gaɓar Keta, shi kuma zai bi ta bayansu yana ƙirgawa. Suka jeru. Ya yi ta tsalle yana ƙirge, ɗaya, biyu, uku, har ya zo kan na ƙarshe, saura taki guda ya dira a tudu. Daɗi ya kwashe shi, ya ce musu ai wayo ya yi musu. Na ƙarshen nan ya cafke shi ya tuɓe masa riga. Baki shi ke yanka wuya. Da ya haɗiye maganarsa na daƙiƙa ɗaya, da yanzu babu ɗakin bauta a Hakuto.

Onamuji bai yi masa faɗa ba. Ya ce ya hanzarta zuwa bakin kogi ya wanke jikinsa da ruwan daɗi, sannan ya kaɗe garin furen wata ciyawar fadama da ake kira gama, ya baza a ƙasa, ya yi birgima a kai. Zomo ya yi, jikinsa ya koma yadda yake. Sai ya dubi mai buhun ya ce, waɗancan da suka wuce babu wanda zai sami Yagami-hime, kai da ke ɗauke da kaya kai za ka same ta. Haka kuwa aka yi. Da tamanin ɗin suka isa, yarinya ta ce ba ta jin maganar kowa a cikinsu, Onamuji take so.

Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na Inaba ma haka ya yi: bai ce komai a kan waɗanda suka saɓule shi ba, don ya san shi ya tsokano su, amma waɗanda suka same shi a kwance suka ƙara masa gishiri, su ya yanke wa hukunci.

Ciyawar nan gama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce danginsu ɗaya da kachala, wadda ta cinye fadamun Haɗejiya da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta jefa koma, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye shinkafa. Manomin Haɗejiya idan ya ji an ce akwai ƙasar da ake girmama kachala, dariya zai yi. Amma duba kanta da kyau. A ƙasa akwai wani dunƙule mai ruwan ƙasa, kamar zangarniyar gero da aka lulluɓe da karammiski, wanda idan ya bushe ka murza shi sai ya fashe ya zama auduga iska ta kwashe. A samansa, lokacin da take fure, akwai wani siririn sashe. Ka buga shi da yatsa, wani gari rawaya mai laushi kamar kurkum zai zubo maka a tafin hannu. Wannan garin Kojiki ke nufi. A maganin gargajiya na Sin sunansa puhuang, Japanawa na ce masa hoo, kuma tun da daɗewa ana barbaɗa shi a rauni don tsayar da jini. Wanke ciwo da ruwa mai tsabta, a rufe shi da busasshen gari mai tsotse danshi: ba laifi ga likitan shekara 1,300 da suka wuce. Shi ya sa mutanen yankin ke alfahari da cewa a nan aka fara rubuta magani a tarihin Japan, kuma shekaru aru-aru masu ƙuna da masu ciwon fata ke hawa tudun nan neman sauƙi.

Wata waƙar makaranta mai suna Daikoku-sama, da ta fito a 1905, ta ɗan karkatar da zancen. A cikinta audugar ciyawar zomo ya lulluɓa da ita, ba garin furen ba. Hoton ya fi kyau, tun da farar auduga ta yi kama da farin gashi, kuma yara da yawa da wannan suka tashi. Sai dai maganin ya ɓace a hanya.

To, wace dabba ce "wani"? A harshen Japan na yau kalmar na nufin kada. Matsalar ita ce babu kadoji a ruwan Japan, balle a wannan teku mai sanyi da ƙanƙara ke zuba a gaɓarsa. Malamai sun daɗe suna ja-in-ja. Ɓangare ɗaya na cewa babban kifin nan ne mai haƙora da ake kira shak, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: har gobe a wannan yanki na San'in tsofaffi na kiran shak da "wani", kuma a garin Miyoshi na jihar Hiroshima, can cikin duwatsu, idan aka ce an kawo naman "wani" to shak za a ci, don namansa ba ya saurin lalacewa, yana iya kaiwa can daga bakin teku tun kafin a san firji. Ɗaya ɓangaren na nuni da Malesiya da Indunusiya, inda ake da tatsuniyar Sang Kancil, wata 'yar dabba mai kama da gada, wadda ta ce sarki ya aiko ta ƙidayar kadoji, suka jeru, ta bi ta kansu ta haye kogi. Kamannin ya yi yawa a ce haɗuwa ce kawai. A ganina duka biyun na iya zama gaskiya. Labari ya taso daga kudu da kadojinsa, ya iso ƙasar da ba ta san kada ba, masunta suka ɗora sunan a kan dabbar ruwan da suka fi tsoro. Abin da ya bambanta shi ne ƙarshen. Kancil ta haye lafiya tana dariya, kamar yadda Gizo kan tsira a yawancin tatsuniyoyinmu. A Japan mai wayon ya sha wuya, kuma sai da ya faɗi gaskiya ya warke.

Ko farin ma akwai magana a kansa. Haruffan da Kojiki ya yi amfani da su ba su ne na launin fari da aka saba ba. Suna iya nufin zomo tsirara, ko zomo a ainihin kamarsa. Motoori Norinaga, malamin da ya shafe fiye da shekara talatin yana sharhin littafin har ya kammala a 1798, ya tsaya a kan wannan gaɓa ya yi ta juya ta. Wani abin dariya kuma, zomayen dajin da ke yankunan ƙanƙara na gaɓar Tekun Japan kan yi fari da hunturu, amma irin na tsibiran Oki ba sa canja launi, ruwan ƙasa suke duk shekara. Idan da gaske daga can ya zo, to ba fari ba ne.

Kuma daga can ɗin ya zo? Tsibiran Oki na jihar Shimane sun fi kilomita 100 daga wannan gaɓa. Kifi nawa za a jera? Mutanen Hakuto sun huta da wannan lissafi: suna nuna ɗan dutsen nan da ke gabansu, kimanin mita 150 cikin ruwa, sunansa Okinoshima, an kafa masa 'yar torii a ka. Tsakaninsa da gaɓa akwai faffaɗan duwatsu da ke leƙowa idan ruwa ya ja, a jere, baƙaƙe, kamar bayan wasu dabbobi da suka yi layi. Wanda ya ga wannan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Wani littafi na ƙarni na 13, Chiribukuro, ya adana wata riwayar da ta cike giɓin: zomon ɗan Inaba ne tun asali, tsoho ne da ke zaune a kurmin gora, ambaliya ta tumɓuke gorar ta tafi da shi tsibiri. Ashe gida yake neman komawa. Wannan riwaya ta fi tausaya masa.

Tarihin ginin kansa bai kai labarin tsawo ba. A ƙarni na 16, lokacin da sarakunan yaƙi ke cin juna a Japan, wuta ta cinye wurin tare da takardunsa. Ƙasar Inaba ta ga bala'i a waɗannan shekaru. A 1581 wani jagoran yaƙi mai suna Hideyoshi ya sa aka saye shinkafar yankin da tsada, sannan ya kewaye ganuwar Tottori wata huɗu, har yunwa ta kai mutanen ciki ga abin da ba a faɗa, shugabansu Kikkawa Tsuneie ya kashe kansa don a bar sauran. Bayan ƙura ta lafa, Kamei Korenori, mai mulkin ganuwar Shikano da ke kusa, ya sake gina ɗakin zomo ya yanka masa gona. Mutum ne mai son gyaran ƙasa da fatauci, har jiragensa na zuwa Siyam, wato Tailan ta yau; ya rasu a 1612. A da ana kiran wurin Usagi no Miya, fadar zomo. Ɗakin ciki da ke tsaye yanzu na 1896 ne, ɗan ƙarami, na katako.

Akwai abubuwa biyu da ake nuna wa baƙo. Na farko wani ɗan tafki a gefen hanya, Mitarashi, inda aka ce nan zomo ya wanke rauninsa. Ana yi masa laƙabi da tafkin da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, wai ko an yi fari ko an yi marka ruwansa na nan inda yake. Ruwan kore ne, ganye na yawo a kai, ba wani abin kallo ba ne sai an ba ka labari. Na biyu sai ka zagaya bayan ginin ka sunkuya: duwatsun da ginshiƙan ɗakin ke zaune a kansu an sassaƙa su da siffar furen kiku mai ganye 28. Furen kiku tambarin gidan sarautar Japan ne, kodayake nasu ganye 16 ne, don haka wasu ke cewa akwai wata tsohuwar alaƙa da fada. Kurmin da ya lulluɓe tudun kuwa, na manyan itatuwa marasa kaɗe ganye waɗanda iskar hunturu daga teku ta tanƙwara, gwamnati ta sa shi cikin abubuwan da doka ke karewa tun 1937. Ya tsira ne don babu mai sa gatari a dajin kami, kamar yadda wasu kukoki da tsamiyoyi suka tsira a ƙasar Hausa don ana tsoron masu su.

Ba kowane ɗakin zomo ne ya yi wannan sa'a ba. A garin Yazu, cikin tudu kudu da Tottori, akwai wani labarin daban, na farin zomon da ya kama gefen tufar Amaterasu, kamin rana, ya nuna mata wurin da za ta sauka a dutsen Reiseki. Shi ma an gina masa ɗakuna. Amma a 1906 gwamnati ta ba da umarnin haɗe ƙananan wuraren bauta, wai kowane gari ya wadatu da guda, kuma cikin 'yan shekaru kimanin 70,000 suka ɓace a faɗin ƙasar, aka sare dazuzzukansu aka sayar. Masanin halittu Minakata Kumagusu ya yi ta faɗa da wannan tsari har aka taɓa tsare shi. Ɗakin zomo na ƙauyen Fukumoto a Yazu na cikin waɗanda abin ya shafa, aka kai kaminsa wani wuri, aka ɗauke gininsa zuwa wani ɗakin ibadar mabiya Buddha. Hakuto na bakin teku yana da abin da wancan ba shi da shi: sunansa na cikin Kojiki, a daidai lokacin da gwamnati ta mai da Kojiki abin koyarwa a makarantu.

Yau masu ciwon fata sun koma asibiti, kuma zomo ya sami sabuwar sana'a. An tuna cewa shi ya yi albishir da auren Onamuji da Yagami-hime, sai aka naɗa shi ɗan aiken masoya. A 2006 aka buɗe zangon matafiyan da ke gindin tudun, a 2010 aka sa wurin cikin jerin wuraren da ake tallata wa masoya, jirgin ƙasa mai sauri da ke zuwa Tottori daga Kyoto da Osaka ma sunansa Super Hakuto. Shekarar zomo a kalandar dabbobi goma sha biyu, kamar 2011 da 2023, kasuwa ce ta musamman. Ga asalin tsakuwar da muka gani a matakala: ana sayar da su biyar a 'yar jaka, kowace an buga mata jan harafin en, wanda ke nufin igiyar da ke haɗa mutum da rabonsa, na aure ko na arziki. Mai ziyara zai tsaya ƙarƙashin torii ya cilla tsakuwa sama. Idan ta zauna a kan gicciyen, buƙata ta biya. Yawanci faɗowa take yi, a tsince a sake, idan an gaji a ajiye ta a ƙafar gunkin zomo. Daga nan a wanke hannu da baki, a jefa kwabo a akwati, galibi yen biyar don sunansa go-en ya yi daidai da waccan kalma, a rusuna sau biyu, a tafa sau biyu, a sake rusunawa. Da yawa daga masu yin haka idan ka tambaye su za su ce ba su da addini. Al'ada ce, da ɗan fata, da hoton da za a ɗora a Instagram.

Sai dai masu tallan ba su cika karanta wa masoya sauran labarin ba. 'Yan ubanci bai ƙare a Inaba ba. Tamanin ɗin nan suka kai Onamuji gindin dutsen Tema, suka ce za su koro jan gadu daga sama, shi ya tare. Suka gasa wani ƙaton dutse a wuta suka gangaro da shi, ya rungume, ya ƙone ya mutu. Uwarsa ta kai kuka sama, aka aiko kami biyu mata, dukansu na kifin kwanso, suka haɗa magani suka shafa masa ya tashi. A garin Nanbu akwai ɗakin bauta mai suna Akaiwa inda aka ce an binne dutsen. 'Yan uban suka sake kama shi suka matse shi a tsagin icce, uwar ta sake ceto shi. Daga ƙarshe ya gudu ƙasar ƙarƙashin ƙasa, wurin wani kami mai suna Susanoo, ya ci jarrabawar ɗakin macizai da ta gobarar daji, ya sato 'yarsa Suseri-hime da takobinsa da bakansa, ya dawo ya fatattaki 'yan uban nasa ya mallaki ƙasa. Shi ne ake bauta wa a babban ɗakin Izumo.

Yagami-hime fa? Onamuji ya cika alkawari, aka kawo ta Izumo. Ta tarar Suseri-hime ce uwargida, mai zafin kishi kuwa. Tsoro ya kama ta, ta saƙale jaririn da ta haifa a tsakanin rassan wani icce, ta juya ta koma garinsu. Ɗakin bautarta, Menuma, yana Kawahara a kudancin birnin Tottori, kusa da kogi, ƙasa da awa guda a mota daga inda ake cilla tsakuwa.